Da Tiyar Wa Aka Auna Launin Nan?



An ɗora mini nauyin in yi magana a kan wani al'amari wanda a jin farko mutum zai ce wannan ai na masu zane ne da ma'aikatan maɗaba'a, watau yadda ake zaɓen ma'aunin launi guda ɗaya a tsaya a kansa, tun daga sa'ar da aka ɗauki hoto da waya ko kyamara, zuwa sa'ar da aka gyara shi a kwamfuta, har ranar da ya fito a takarda. Amma in kun duba, da yawa daga cikinmu nan da shekara biyu ko uku mu ne za mu riƙa sa hannu a takardar ba da aikin bugu a ma'aikatar gona, ko ta lafiya, ko sakatariyar ƙaramar hukuma. Wanda zai sa hannu a kan kuɗin jama'a kuwa ya kamata ya san abin da yake saye.

Bari mu fara daga kasuwar Dandume, tun da yake kusan kowa a nan ya san ta, ko ya ji labarin manyan motocin da ke lodin masara daga can zuwa kamfanonin abincin kaji da sauran garuruwan ƙasar nan. In dillali ya ce maka, "Buhun nan tiya arba'in ne," ka ji lamba, amma ba ka san yawan hatsin ba tukuna. Sai ka san tiyar da aka auna da ita: ta wace kasuwa ce, an bubbuge gindinta ko ba a bubbuge ba, an yi mata tozo ko an shafe bakinta. Duk rigimar da ake yi tsakanin mai saye da mai sayarwa a kan awo, ba a kan ƙidaya ake yin ta ba, domin kowa ya yarda arba'in arba'in ce. A kan kwanon ake yi. Ina roƙonku ku riƙe wannan a zuci, domin launi a cikin kwamfuta haka yake, ba ragi ba ƙari.

Kafin in shiga bayanin na'ura, ya kamata in faɗi abin da ya sa nake ganin maganar ta shafi mutanen wannan yanki fiye da yadda ake zato. Dattawanmu sun san cewa masara a da abar bayan gida ce, a gasa ɗanya a ci da damina. Dawa da gero da auduga su ne amfanin gona na sosai, shi ya sa ma aka kafa injinan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi. Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtua, wanda aka soma a 1975 da taimakon Bankin Duniya, shi ne ya yaɗa ingantaccen irin masara da takin zamani a wannan shiyya, har ta zama abin da muke gani yau. To, masara shuka ce mai cin taki, kuma in wani abinci ya gaza mata, da launin ganyenta take kai ƙara. In sinadarin da yuriya ke bayarwa ne ya yi ƙaranci, tsofaffin ganyaye na ƙasa su ke fara rawaya, daga tsinin ganye a bi jijiyar tsakiya. In wanda sufa ke bayarwa ne, sai ka ga gefen ganyen ƙaramar shuka ya yi ja-ja mai sirkin shunayya. In sinadarin fotash ne, wanda ake samu a kamfa, gefen tsohon ganye ne zai yi rawaya ya ƙone, tsakiya na nan kore. Ƙarancin farar wuta kuwa sababbin ganyaye na sama yake sa su koɗe. Ga kuma cutar zane-zanen ganye da wani ɗan ƙwaro ke yaɗawa, ga wuta-wuta, kowacce da irin kamanninta.

Malamin gona ɗaya ba zai iya zaga gonakin Dandume da Sabuwa da Bakori ba. Saboda haka ake buga ƙasidu da manyan fastoci masu hoto, irin aikin da cibiyoyin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru suka daɗe suna yi, da na ma'aikatun gona na jihohi, da na kamfanonin iri. Manomi zai ɗauki ƙasida ya kara da ganyen gonarsa. Yanzu ku ɗauka hoton da aka ɗauka na ganye mai ɗan koɗewa ya fito a takarda kore shar, ko kuwa hoton lafiyayyen ganye ya fito da ruwan ɗorawa, ko shunayyar nan ta gefen ganye ta koma ruwan ƙasa kamar ƙuna. Mutumin da ya sayar da akuya ya sayi buhun taki bisa abin da ya gani a wannan hoto, an cuce shi, alhali ba wanda ya yi niyyar cutarsa. Rubutun ƙasidar daidai ne, hoton asali daidai ne, a hanya launin ya zube. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

To, me ya sa launi ke zubewa a hanya? Dalili na farko yana cikin halittar abubuwan biyu da muke kallo. Fuskar waya da allon kwamfuta haske suke fitarwa. Kowane ɗigo a jikinsu yana da 'yan fitilu uku, ja da kore da shuɗi. In an kunna su duka da ƙarfi sai a ga fari, in an kashe su sai baƙi. Wannan tsari shi ake kira RGB, daga haruffan farko na sunayen launukan uku a Turance. Takarda kuwa ba ta da hasken kanta. Hasken rana ko na fitila ne ke faɗa mata ya dawo idonka, tawada kuma aikinta ta shanye wani sashe na hasken ta bar saura. Don haka maɗaba'a ke aiki da tawada huɗu: shuɗi mai haske mai sirkin kore, da ja irin na garurar da dukawa ke rina fata da ita, da rawaya, da baƙi. Wannan shi ne CMYK. Ɗaya tara haske yake yi, ɗaya rage shi yake yi, kuma akwai launukan da fitila za ta iya haskawa waɗanda duk duniya ba tawadar da za ta iya kwaikwayo a kan takarda.

Dalilin da ya sa launuka uku kacal ke isa a ruɗi ido kuwa, shi ne idon ɗan Adam iri uku na ƙwayoyin ganin launi gare shi. Tun wajen shekara dubu da suka wuce Ibn al-Haisam, a littafinsa Kitabul Manazir da ya rubuta a Alƙahira, ya kafa hujja cewa gani yana faruwa ne saboda hasken da ke shiga ido daga abin da ake kallo. A 1861 James Clerk Maxwell ya nuna wa jama'a a London hoto mai launi wanda aka haɗa daga hotuna uku, an ɗauki kowanne ta bayan matacin haske ja, ko kore, ko shuɗi. Sa'an nan a 1931 Hukumar Haske ta Duniya, wadda aka fi sani da CIE, ta fitar da taswirar dukkan launukan da matsakaicin idon mutum ke gani, kowane launi da lambobinsa. Wannan taswira ita ce kamar sikelin kilo a kasuwa: ba ruwanta da kwanon kowa, kuma da ita ake gane girman kowane kwano.

Dalili na biyu shi ne wanda ya kawo mu tiya. A cikin fayil ɗin hoto na yau da kullum, kowane ɗigo lambobi uku ne, kowace daga 0 zuwa 255. Matakai 256 ke nan a kowace fitila, in ka ninka su sau uku ka sami launuka 16,777,216. In fayil ya ce ja 0, kore 255, shuɗi 0, ya ce "kore iyakar kore" ke nan. Amma iyakar koren wa? Na tsohon allon da ke ofishin magatakarda, ko na sabuwar wayar da ke aljihunka? Lambar ɗaya ce, kwanon ya bambanta. Abin da masana ke kira fagen launi, shi ne yarjejeniyar da ta ce: in mun ce ja, ga ainihin jan da muke nufi a taswirar 1931, ga korenmu, ga shuɗinmu, ga kuma abin da muke kira fari. Fagen aiki kuma shi ne fagen da ka zaɓa ka riƙa gyara hotunanka da ajiye su a cikinsa, wanda bai dogara da wata na'ura guda ba.

Fagagen da za ku riƙa cin karo da su a cikin Photoshop ko CorelDraw ba su da yawa. Akwai sRGB, wanda kamfanonin Hewlett-Packard da Microsoft suka gabatar a 1996, aka mai da shi ƙa'idar duniya a 1999. An auna shi ne bisa ƙarfin allunan kwamfuta na wancan zamani, don haka shi ne ƙarami, amma shi ne kwanon da intanet ke awo da shi: hoton da ya zo ba shaidar fagensa, manhajojin buɗe shafuka ɗaukarsa suke yi a matsayin sRGB. Akwai Adobe RGB na 1998, wanda jansa da shuɗinsa suke wuri ɗaya da na sRGB a taswira, amma korensa ya zarce nesa, don ya ƙunshi wasu launuka tsakanin kore da shuɗi waɗanda injin bugu kan iya fitarwa a takarda mai sheƙi. Akwai ProPhoto RGB na kamfanin Kodak, wanda faɗinsa ya kai har wasu lambobinsa ba su dace da wani launin da ido ke gani ba. Sai Display P3, wanda Apple ya shigo da shi a 2015, kuma tun daga 2016 wayoyinsa da shi suke ɗaukar hoto. Wannan na ƙarshe ku lura da shi, domin hoton da wani ya turo maka daga wayarsa yana iya kasancewa da wata tiya aka auna shi, shi kansa bai sani ba.

Yanzu ga tambayar da aka tara mu dominta: wanne za mu tsaya a kai? Ɗabi'ar ɗalibi, musamman wanda ya fara karance-karance, ita ce ya ce a ba shi mafi girma. Ni kuwa ra'ayina, ga ofishin gwamnati, da mujallar ƙungiya irin tamu, da duk wurin da hoto zai bi ta hannun mutum huɗu ko biyar kafin ya isa maɗaba'a, sRGB ya kamata ya zama tiyar gida. Ga hujjojina.

Babban fage ba ya ƙara maka yawan launuka. Matakan nan 256 su ne dai, an shimfiɗa su a fili mai faɗi, sai tazarar da ke tsakanin mataki da mataki ta ƙaru. Kamar a ce tsani mai matakala goma ne, ka miƙe shi ya kai soro mai hawa biyu. Shi ya sa in aka gyara hoton sararin samaniya ko na fuskar mutum a ProPhoto da wannan ƙidaya, sai ka ga launi ya yi hawa-hawa maimakon ya narke cikin juna. Maganin haka shi ne a yi aiki da ƙidaya mai zurfi, mai matakai 65,536 a kowace fitila, wanda ke ninka nauyin fayil, kuma ba kowace kwamfutar ofis ce za ta ɗauka da daɗin rai ba.

Daɗin daɗawa, yawancin allunan da ke ofisoshinmu da shagunan buga takardu iyakar abin da suke iya nunawa bai wuce sRGB ba, wasu ma ba su kai ba. Mutumin da ke gyara hoton Adobe RGB a irin wannan allo yana taɓa launukan da ba ya gani, kamar mai ɗinki a duhu.

Hujja mafi nauyi ita ce abin da ke faruwa in shaida ta ɓace. A 1993 wasu manyan kamfanoni, cikinsu har da Adobe da Apple da Kodak da Microsoft, suka kafa ƙungiyar ICC, wadda ta tsara wata 'yar takardar shaida da ake liƙawa a cikin fayil, mai faɗin fagen da aka auna hoton da shi. Nauyinta bai taka kara ya karya ba. Amma hanyoyin da hotuna ke bi a wurinmu masu cin shaida ne: a tura ta WhatsApp a matsayin hoto ya matse shi, a ɗauki hoton fuskar waya, a manna a cikin takardar Word, a sake cirowa. In hoton sRGB ya rasa shaidarsa, na'urar da ta karɓe shi za ta yi zaton sRGB ne, zatonta kuma ya yi daidai. In hoton Adobe RGB ne ya rasa tasa, za a karanta lambobinsa da ƙaramin kwano, sai ya fito a dushe, koren ganye ya yi fatsi-fatsi, fuskar mutum ta yi kamar ya tashi daga jinya. Watau wanda ya zaɓi babban fage don neman ƙarin kyau, shi ne ya fi kowa asara ranar da aka yi sakaci, sakaci kuwa a ofis ba baƙo ba ne.

Na san akwai masu ɗaukar hoto a cikin wannan ɗaki da za su ce, to ai maganar ganye kake yi, kuma a kore ne Adobe RGB ya fi. Tambaya ce mai ma'ana. Amsata ita ce koren da ya fi a cikinsa shi ne mai karkata wajen shuɗi, mai tsananin kauri, irin na wasu fenti da yadudduka. Koren ganyen masara da dawa mai karkata wajen rawaya ne, kuma galibinsa yana zaune lafiya a cikin sRGB. Duk da haka ban ce a jefar da babban fage ba. Wanda ke da kyamarar ƙwararru, da allo mai faɗin fage wanda aka daidaita da na'urar awo, kuma aikinsa littafin hotuna ne a takarda mai sheƙi, misali na hawan sallar Katsina ko na rinannun tufafin Kura, ya ɗauki hotonsa a ɗanyen fayil, ya gyara a Adobe RGB ko abin da ya fi shi, ya adana wannan a matsayin uwa. Amma duk kwafin da zai fita daga hannunsa zuwa hannun wanda bai sani ba, ya juya shi zuwa sRGB tukuna. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Na ce "ya juya shi", kuma da gangan na zaɓi kalmar. A cikin manhajojin nan akwai umarni biyu masu kama da juna da ke rikita mutane. Ɗaya yana sauya lambobin hoton domin launin ya tsaya yadda yake a sabon fage. Wannan shi ne ka zazzage hatsi ka sake auna shi da sabuwar tiya, ƙidaya ta canja, hatsi yana nan yadda yake. Ɗayan kuwa yana barin lambobin yadda suke, ya canja sunan fagen kawai. Wannan shi ne ka goge sunan kasuwar da ke jikin buhu ka rubuta wata. Na farko ake so in za a kai hoto wani fage. Na biyu amfaninsa ɗaya ne, in hoto ya zo maka ba shaida, ka gwada masa wadda ta dace.

Sai maganar maɗaba'a. Ƙasar nan tamu ba baƙuwar ɗab'i ba ce. Tun Janairun 1939 aka fara fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo, Malam Abubakar Imam yana editanta, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, kana NNPC a 1966. A wancan zamani launi yana hannun mutum ɗaya ne, ma'aikacin da ke bakin inji, wanda ke ƙara tawada ko rage ta da idonsa da gwanintarsa. Yau kuwa kafin aiki ya iso wurinsa an riga an yanke hukunci a kwamfutar wani yaro mai zane a Funtua ko Sabon Garin Zariya, an raba hoton gida huɗu, an fitar da faranti. Abin da aka ɓata a can, mai inji ba shi da ikon gyarawa sai kaɗan.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka CMYK abu ɗaya ne. Shi ma tiyoyi ne barkatai, domin launin da tawada za ta bayar ya danganta da inji, da tawadar, da takardar. Manhajoji da yawa suna zuwa a saite da SWOP, wanda aka tsara domin manyan injinan buga mujallu na Amurka. A Turai kuma ana bin ƙa'idar ISO 12647-2, da awon da cibiyar Fogra ta ƙasar Jamus ta fitar, irin su FOGRA39 da FOGRA51 na takarda mai sheƙi. Takarda marar sheƙi da takardar jarida tawada suke sha, ɗigo ya baje, hoto ya yi duhu. In ka tara tawada huɗu a wuri ɗaya, takarda mai sheƙi tana ɗaukar jimlar wajen kashi 300 cikin 400, ta jarida kuwa wajen 240. In an zarce, bugu ya ƙi bushewa, shafi ya shafi ɗan'uwansa. Saboda haka kada CMYK ya zama wurin ajiyarku. Ku bar uwar hoto a RGB, a juya kwafi sau ɗaya tak a ƙarshe, bayan an tambayi maɗaba'ar takardar da za ta yi amfani da ita da awon da take bi. Launin da aka yanke a wajen juyawa ba ya dawowa, ko da an sake mai da fayil ɗin RGB. In mai maɗaba'a ya ce bai san wani awo ba, shi dai a kawo masa aiki, to ba abin faɗa ba ne. Ku ba shi PDF mai shaidar launi a ciki, ku nemi ya buga muku gwaji a kan ainihin takardar kafin a saki inji. Injinan buga bana da na buga hotuna kuwa, da yawansu sun fi son a ba su RGB mai shaida su juya da kansu. Wani ɗan abu kuma: ƙananan rubutu baƙi a yi su da baƙar tawada kaɗai, domin in an haɗa su da tawada huɗu, faranti ɗaya ya goce da ƙiris, sai haruffa su yi inuwa, dattijo mai raunin ido ya kasa karantawa.

Shuɗi yana da nasa hali da ya kamata ku sani. Shuɗin allo mai tsanani yana daga cikin launukan da tawada ba ta kai wa gare su, kuma in aka juya shi ba kula, sau da yawa shunayya yake komawa. Duk wanda ya taɓa ba da aikin kalanda mai hoton marinar Ƙofar Mata, ko na dattijo da rawanin turkuɗi, ya kamata ya fara duba wannan wuri a gwaji. Ƙyallin nan da bugu ke sa wa baƙin shuni, wanda ke sauyawa in mai shi ya juya kai, ba na jin akwai takardar da za ta kama shi. Iyaka dai a yi ƙoƙari kada shuni ya koma garura.

Tun da na ambaci marina, bari in ce masu rini da 'yan kasuwar Kantin Kwari sun riga masana sanin wani abu. Mai sayen shadda ba ya yarda da launinta a cikin shago. Sai ya fito da ita bakin ƙofa. Yadi biyu na iya zama iri ɗaya a ƙarƙashin fitila, su rabu a hasken rana. Masu ɗab'i na duniya sun mai da wannan doka: ana duba gwajin bugu a ƙarƙashin haske na musamman da ake kira D50, mai kama da hasken rana tsaka-tsaki, alhali farin sRGB shi ne D65, wanda ya ɗan fi karkata wajen shuɗi. Mu da ba mu da irin wannan fitila, mu duba gwaji da hantsi, a inuwa, kusa da taga, ba da dare a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki ba, ba kuma ranar da hazon hunturu ya rufe gari ba. Allon kwamfuta kuma a rage masa haske. Yawancinmu muna ƙure shi, hoto ya yi ta walƙiya a ofis, ya fito daga maɗaba'a da duhu, a ɗora wa mai inji laifin da ba nasa ba.

Fatar mutum ita ce wurin da ido ya fi saurin gane kuskure. Fatarmu tana zaune a sashen duhu na hoto, inda matakai ke cunkushe kuma tawada ke taruwa. In an juya hoto da awon takarda mai sheƙi aka buga a marar sheƙi, fuskoki su ke fara toshewa, ka ga jerin shugabannin ƙungiya a mujalla ba ka bambance Audu da Garba sai da hula. A gwajin bugu, ku fara duba fuska, sa'an nan sauran.

Akwai kuma launukan da bai kamata a bar su ga hoto ba ko kaɗan, irin su launin tambarin jami'a ko koren tutar ƙasa, wadda Taiwo Akinkunmi ya zana a 1959. Ku tsaya a gaban kowace sakatariya ranar 1 ga Oktoba ku ƙirga ire-iren koren da ke kaɗawa. Irin wannan ana tsayar da shi ne da lamba a rubuce, ɗaya ta allo, ɗaya ta maɗaba'a, ko da lambar littafin launuka na Pantone, wanda aka fara a 1963, inda ake dama tawadar musamman maimakon a haɗa ta daga huɗun nan. A fannin gona ma akwai misali: Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke Filifin ta yaɗa wani ɗan allo na roba mai matakan kore, wanda manomi ke karawa da ganyen shinkafa don ya san ko lokacin ƙara yuriya ya yi. Da roba mai tsayayyen launi ake yin sa, domin in aka ɗauki hotonsa aka buga a shagon kan titi, ya tashi daga ma'auni ya zama ado.

Ga yayyenmu ma'aikata, da mu da ke bin sawunsu, abin da nake roƙo bai kai a kafa kwamiti ba. A rubuta rabin shafi a manna a bangon ɗakin da ake zane: hotunan ofishin nan a sRGB ake gyara su, kowane fayil da shaidarsa a ciki, a turo hoto a matsayin fayil kada a matse shi, uwar hoto ba a juya ta. A takardar ba da kwangilar bugu kuma a ƙara layi uku: sunan takarda da nauyinta, awon launin da aka yarda da shi, da sharaɗin cewa ba za a biya ba sai aikin ya dace da gwajin da ɓangarorin biyu suka sa wa hannu. In ƙasidar ta aikin gona ce, wanda zai sa hannu a gwajin ya zama malamin gona wanda ya san ganyen da idonsa, kuma in da hali ya tsinko ganyen ya zo da shi, a shimfiɗa shi kusa da takardar a bakin taga kafin a ce wa mai inji bismillah.

Shugaban taro, na ga an miƙo mini 'yar takarda cewa lokaci ya yi. Ina jiran tambayoyi, musamman daga 'yan sashen zane-zane da na aikin gona.